Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gudanar da wasanmu, daga 'yan wasan Katsina

Zuwa ga shugabannin kamfani, masu tsara wasan, da ma'aikatan sashen karɓar koke.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Muna fata kuna lafiya, ku da iyalanku.

Bayan gaisuwa, na rubuto muku ne a madadin 'yan wasanku na intanet, wanda ake bugawa a waya, da ke birnin Katsina da kewaye, har da 'yan'uwanmu na Daura, Dutsin-Ma, Funtua da Malumfashi da muke runduna ɗaya da su a cikin wasan. A cikinmu akwai ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Hassan Usman Katsina, akwai teloli, masu gyaran waya, malaman makaranta, 'yan kasuwa, da mata ƙalilan da ke shiga idan yara sun kwanta. Ni suka ɗora wa jagorancin rundunar, ni kuma suka wakilta in yi magana. Ban sa sunan wasan a nan ba, domin ba ɓata muku kasuwa muka zo yi ba. Kun san kanku, kuma an tura muku kwafin wannan takarda ta akwatin koken da kuka tanada. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da ba mu son wasan nan, da tuni kowa ya goge shi daga wayarsa ya kama gabansa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sharar da kuka yi a watan jiya, wadda kuka ce ta masu maguɗi ce. Mun wayi gari mutanenmu da yawa ba sa iya shiga, kowa da saƙo iri ɗaya a fuskar wayarsa: an rufe asusunka har abada saboda mallakar asusu fiye da ɗaya ko amfani da manhajar da aka haramta. Ba a faɗi wanne daga cikin biyun ba, ba a faɗi ranar da aka yi laifin ba.

Bari in fara da inda muke tare da ku. Masu sa manhaja ta riƙa buga musu wasa dare da rana suna tara zinare, wato kuɗin cikin wasan, sun addabe mu fiye da yadda suka addabe ku. Su suka karya farashin kaya a kasuwar wasan, har mai haƙar ƙarfe da hannunsa ya daina samun abin kirki. Mun sha kai ƙararsu. Korarsu daidai ce, kuma mun yi murna da jin za a yi ta. Amma yadda kuka yi ta, kuɗin goro kuka yi mana. Ga dukkan alamu ma'aunin da na'urarku ta ɗauka shi ne: asusu da yawa a kan lambar IP ɗaya (lambar da na'ura ke fita intanet da ita), ko asusu biyu a kan waya ɗaya, to mutum ɗaya ne ke maguɗi. Wannan ma'auni yana iya aiki a ƙasar da kowane gida ke da layin intanet nasa, kowane yaro kuma ke da kwamfutarsa. A nan ba haka rayuwa take ba.

Kusan dukkanmu da datar waya muke wasa. Kamfanonin sadarwa ba su da isassun lambobin IP da za su ba kowane layi tasa, saboda tsohon tsarin lambobin gaba ɗaya bai wuce biliyan 4.3 ba a duniya, don haka sukan tara masu waya da yawa su fitar da su intanet ta lamba guda. Injiniyoyinku sun san wannan sarai. Ma'anarsa, ni da ke Ƙofar Marusa da wani da ke Sabuwar Unguwa wanda ban taɓa gani ba muna iya bayyana a wurinku kamar a ɗaki ɗaya muke.

Wani lokacin ma a ɗaki ɗayan muke, kuma ba laifi ba ne. Akwai wani shagon caji a wajejen Ƙofar Ƙaura da yaranmu ke taruwa bayan sallar Isha. Mai shagon yana da sola a kan rufi da doguwar allon soket da ya kafa a bango, wayoyi jere kowace da lambarta a manne. Benci biyu ne a ƙofar shagon. Duk wanda ke da data a ranar shi zai kunna wa saura, gobe wani ya rama. Za ka ga samari a jere, kowa wayarsa a jone da waya mai tsawo, kai a sunkuye, mai garkuwa, wanda ke tare sara a wasan, yana kiran mai magani, wanda ke warkar da 'yan tawaga, da baki saboda ga shi nan a gefensa. A nan rundunarmu ta fara kashe babban dodon kogon ƙanƙara, ihun da aka yi har mai shayin da ke tsallaken titi ya leƙo. Mutanen wannan benci kusan duka kun rufe su a dare ɗaya.

A cikinsu akwai wani tela, mai maganin rundunarmu, wanda ya shekara da shekaru yana rainon jarumin da yake wasa da shi. Bai taɓa sayen zinare a bayan fage ba, kuma bai san yadda ake saka irin waccan manhaja ba. Laifinsa ɗaya: shi da ƙanensa waya ɗaya suke amfani da ita. Yana kan keke da rana ƙanen ya shiga nasa asusun, da dare shi ya karɓa ya shiga nasa. Mutum biyu ne, asusu biyu, waya guda, domin kuɗin waya ta biyu ba ya nan. Wani kuma wayarsa ta hannu ce, a kasuwa ya saya, bai san wanda ya riƙe ta kafin shi ba, balle abin da ya aikata da ita a cikin wasanku.

Da muka ɗaukaka ƙara sai abin ya ƙara ciwo. Amsar da ke dawowa iri ɗaya ce kalma da kalma, cikin 'yan mintoci, wai an duba da kyau kuma hukuncin ya tabbata. Wanda ya matsa sai a ce ya kawo rasidin sayayyarsa ta farko, ko ya shigar da lambar sirri da aka tura wa layin da ya yi rajista da shi. Mafi yawanmu ba mu da rasidi, domin ta hannun wani mai katin dala muka biya. Layin kuwa, ku sani tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, kuma a 2024 an rufe layuka masu ɗimbin yawa da ba a kammala haɗa su ba. Yaron da ya buɗe asusu da layin da babansa ko yayansa ya yi wa rajista tun yana sakandare, yau layin ya tafi. Ba ku bar masa wata ƙofa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, da takwararta ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, duk sun yarda cewa idan na'ura ce kaɗai ta yanke wa mutum hukunci mai nauyi, yana da damar neman ɗan Adam ya duba. Ba barazanar kotu muke yi ba. Muna tuna muku ne cewa abin da muke roƙo abu ne da duniya ta riga ta amince da shi.

Na biyu shi ne hukuncin da kuke yi wa wanda ya yanke a tsakiyar yaƙi. A tsarinku, wanda ya fita daga kogo kafin a gama ana ɗaukarsa ya gudu ya bar abokansa: a rage masa daraja, a hana shi shiga wani na ɗan lokaci, idan ya maimaita a tsawaita. Mun fahimci dalilin, domin babu mai son a bar shi a gaban dodo ba mai magani. Amma na'urarku ba ta bambance wanda ya danna fita da gangan da wanda sabis ya ɗauke masa. A wurinmu ɗaukewar sabis da ɗaukewar wuta abin kullum ne. Kuma tagar da kuka bari ta dawowa gajeriya ce ƙwarai. Kafin mutum ya sauya zuwa layinsa na biyu, wasan ya sake buɗewa, an riga an rubuta shi cikin matsorata.

Ga kuma dokar da ta ce duk wanda ya yi kwanaki bai shiga ba za a ƙwace gidansa da gonarsa a cikin wasan a sa su a kasuwa. Ina so ku dubi abin da ya faru a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, cikinsu har da Funtua, Malumfashi, Jibiya, Batsari da Dutsin-Ma, ba a maido ba sai a Disamba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya rikice daga Kwaddibuwa har Najeriya. A Oktoban 2024 kuma aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana a duhu fiye da mako guda. A waɗannan kwanaki cajin waya kansa sai da layi, kuma wanda ya samu ɗan caji ba wasa zai yi da shi ba, adana shi zai yi saboda kiran gida. Mutanenmu na Funtua da aka yanke wa sabis wata da watanni, da wannan doka za a auna su? Mutumin da ke fama da rashin tsaro a garinsu, ya dawo ya tarar gidan da ya gina a wasa ma an sayar.

Wani zai ce a kunna janareta mana. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Babu magidancin da zai ƙona wannan saboda kada a ƙwace masa gonar cikin waya.

Na uku, lokacin yaƙin ganuwa. Wannan shi ne babban taron mako, shi ke raba wace runduna za ta riƙe birni ta karɓi harajinsa. Kun tsayar da shi ƙarfe takwas na dare agogon Jamus. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da nasu ɗaya ne, takwas ɗinsu takwas ɗinmu ce, an idar da Isha, kowa ya samu. Amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris Turai na tura agogonta gaba da awa ɗaya, mu kuwa ba ma taɓa namu. Sai yaƙin ya faɗo ƙarfe bakwai na yamma a wurinmu. A Katsina, a watannin Yuni da Yuli, wannan shi ne daidai lokacin da ladan ke kiran Magariba. Magariba kuwa ba ta jira. Wata bakwai a shekara ke nan muna fara yaƙi da rabin mutane, ko a rufe ƙofar shiga kafin a sallame. Babu wanda ya isa ya ce wa yaranmu su jinkirta salla saboda ganuwa, ni ma ba zan faɗa ba, kuma duk ranar da na ga wani ya yi haka ni da kaina nake masa faɗa. Abin da ya fi damuna ke nan a wannan batu: tsarinku yana sa yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya tsaya yana auna sahu da wasa, iyaye kuma su ga wasan a matsayin abin da ke raba 'ya'yansu da masallaci. Idan uba ya ƙwace waya a kan wannan, da gaskiyarsa. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Akwai rundunonin Nijar, Aljeriya da Tunisiya da muke agogo ɗaya da su, kowa da irin nasa karon da lokutan salla. A watan azumi kuwa abin ya fi haka tsanani, tsakanin buɗa-baki da asham.

Na huɗu, kuɗi. A nan ne muhawara ta fi zafi a tsakaninmu, kuma zan faɗa muku ɓangarorin biyu yadda suke.

Farashinku da dala yake, iri ɗaya ga mutumin Katsina da mutumin Amurka. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500. Ku ba ku ƙara ko sisi ba, amma a wurinmu tikitin wata, wato kuɗin wasan da ake biya duk wata, ya ninka sau uku. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ko mai kuɗin a hannu, biyan ma wahala ne. Tun 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka tsayar gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa. A tsawon wannan lokaci ta hannun dillalai muke biya, su ɗora nasu a sama, wani lokaci kuma katin da dillali ya yi amfani da shi ya zama na sata, a rufe asusun wanda ya ba da kuɗinsa na halak. Ga asalin cinikin bayan fage da kuke yaƙi da shi. Idan ƙofar gaba a kulle take, mutane ta baya za su bi.

Wasu daga cikinmu, musamman 'yan kasuwar da Allah Ya hore wa, suna cewa kamfani ba gidan sadaka ba ne. Ma'aikata albashi suke ci, kwamfutocin da wasan ke kansu haya ake biya, wanda ya saka kuɗi kuma dole ya ga amfaninsu. Wannan magana gaskiya ce, kuma su ne ke saya wa rundunar kayan yaƙi idan an matsu. Sauran kuma, waɗanda suka fi yawa, suna cewa a da mai kuɗi riga mai kyau da doki mai ado yake saya, yanzu kuwa ƙarfi yake saya. Tun sabuntawar da kuka kawo duwatsun ƙarfafa makami cikin shago, wanda ya shiga jiya da kati yana kayar da wanda ya shekara yana koyon sarrafa jaruminsa. Ni ina tare da waɗannan. Ku sayar da ado, ku sayar da sauƙin tafiya, ku sayar da ƙarin wurin ajiya, ba mu da ja. Amma filin yaƙi ya zama na wanda ya iya. In ba haka ba talaka ya zama abin farautar mai kuɗi kawai, kuma ranar da talakawa suka gaji suka watse, mai kuɗin ma ba zai samu wanda zai nuna wa takobinsa ba.

Akwatin sa'a kuwa ba ma jayayya a kansa, bakinmu ɗaya. Mutum ya biya kuɗi na gaske, ya buɗe akwati bai san abin da ke ciki ba, ko ya samu abin da ya ninka kuɗinsa ko ya tashi da tarkace. A wurinmu sunan wannan caca, kuma addininmu ya haramta ta ƙarara. Ba mu kaɗai muka ga haka ba: a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne a dokarsu. Chana ta wajabta bayyana yiwuwar samun kowane kaya tun 2017, Apple ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya biyo baya a 2019. Ku kun rubuta alƙaluman, amma a can ƙasan wani shafi da sai an danna sau da yawa kafin a kai. Mafi muni, akwai kayan da ba a samunsu ta kowace hanya sai ta akwatin. Na san ɗalibin da ya zuba kuɗin rajistar zangonsa a cikin akwatunan nan a dare ɗaya yana neman fukafukin da aka ce na ɗan lokaci ne. Mu muka yi karo-karo muka rufa masa asiri kafin maganar ta kai gida. Tun daga ranar muka sa doka a rundunarmu cewa ba a tallar abin da aka samu a akwati a zauren hirarmu.

Sabuntawa kuma ku tausaya. Kowane mako biyu sai an sauke giga da yawa, wani lokaci don gyaran rigar da ba za mu taɓa saya ba, kuma ba a shiga wasa sai an gama. Datar da mutum ya saya ta mako takan ƙare a nan.

Sai zauren hira. Da zarar an gane mutum ɗan Najeriya ne, sai a fara kiransa ɗan damfara, a kore shi daga tawagar kogo tun bai buɗe baki ba. Mun kai ƙara da hotuna, ba mu ga an yi komai ba. Ta ɗaya ɓangaren, masu sa idonku ba sa jin Hausa, don haka ashar da cin mutuncin da wasu namu ke yi da harshenmu yana wucewa ba mai tsawatarwa. Matan da ke cikinmu sun fi kowa shan wannan, har wasu sun koma amfani da sunan maza don a bar su su yi wasa lafiya. Akwai kuma 'yan damfara na gaske a cikinmu masu yi wa yara alkawarin zinare mai araha su karɓi kuɗi ta banki su ɓace. Muna korarsu daga runduna, amma ikonmu iyakarsa ke nan, gobe su buɗe wata.

Akwai wata buƙata da yaranmu suka matsa in saka, ita ce a kawo saba Afirka, wato babbar kwamfutar da duniyar wasan ke zaune a kanta. Dalilinsu a fili yake. Duk dannawar da muka yi sai ta bi ƙasa fiye da kilomita 1,000 zuwa Legas, ta shiga teku wajen kilomita 7,000 zuwa Fotugal, ta ƙarasa tsakiyar Turai, sannan amsa ta dawo ta hanyar. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka tun kafin a zo ga cunkoson eriya mun riga mun makara da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A yaƙin da kaucewa sara ke buƙatar ƙiftawar ido, wannan ya isa ya kashe mutum. Sai dai na gaya musu, kuma ina gaya muku, idan za a ce an kawo saba Afirka a kai ta Afirka ta Kudu, mu ba a yi mana komai ba, domin nisan Legas zuwa Kef Tawun kusan ɗaya ne da nisan Legas zuwa Landan. Legas ce za ta amfane mu, kuma yanzu ba mafarki ba ne: wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta Google, mai suna Equiano, ta sauka can a 2022, Amazon kuma ya buɗe ƙaramar cibiyar sabarsa a can a farkon 2023. Akwai kuma masu tsoron cewa idan aka ware mu a sabarmu, kasuwa za ta yi ƙanƙanta, abokan Turai da Gabas ta Tsakiya da aka saba da su a rabu. Ba mu gama daidaitawa a kan wannan ba, don haka ban sa shi cikin abin da muke nema yanzu ba. Ku dai fara tunaninsa.

Ga abin da muke nema.

Ku sake duba duk asusun da aka rufe a wannan shara daga Najeriya da Nijar, mutum ya duba, ba na'ura ba, a kuma gaya wa kowa takamaiman abin da ake tuhumarsa da shi da ranar da ya faru. Wanda aka samu da manhajar maguɗi a bar shi a rufe, ba za mu roƙa masa ba ko ɗan rundunarmu ne. Wanda laifinsa kawai haɗa lambar IP ko haɗa waya da ɗan'uwansa, a buɗe masa, a maido masa da kayansa da kwanakin tikitin da suka ƙone yana waje. Ku daina ɗaukar lambar IP ita kaɗai a matsayin hujja, ku buɗe hanyar da mutum biyu za su yi rajistar cewa waya ɗaya suke amfani da ita. Ku kuma karɓi wata shaida ta mallakar asusu ban da tsohon layi da rasidi: tarihin jarumin, sunayen da ya taɓa ɗauka, shaidar shugaban rundunarsa.

Ku tsawaita tagar dawowa ga wanda ya yanke, ku raba hukuncinsa da na wanda ya danna fita. Ku ba kowane ɗan wasa damar daskarar da gidansa da gonarsa na wani lokaci a shekara, kuma idan aka samu katsewar da duniya ta sani, irin ta teku ko ta babban layin wuta, ku dakatar da ƙwace wa mutanen yankin kaya ba sai an roƙa ba.

Yaƙin ganuwa ku ɗaure shi da agogon GMT wanda ba ya motsi, a ƙarfe bakwai da rabi ko takwas, ko ku ba rundunonin da za su kara damar zaɓa tsakanin lokuta biyu. Ɗaya daga cikin biyun ya ishe mu.

Ku sa farashi da naira daidai da ƙarfin aljihun ƙasar, kamar yadda kamfanonin kiɗa da na fina-finai na intanet suka daɗe suna yi a nan, ku kuma karɓi biya ta tura kuɗi daga banki ko ta katin naira. Duk abin da ke cikin akwatin sa'a a samar da hanyar sayensa kai tsaye ko samunsa da gumi, a rubuta alƙaluman a jikin akwatin, a kuma sa maɓallin da mutum ko mahaifinsa zai kulle shagon akwatin gaba ɗaya daga asusunsa.

A zauren hira ku ɗauki masu sa ido da ke jin Hausa. Muna da mutane masu hankali, maza da mata, da za su yi wannan aiki. Sannan ku buɗe mana kujera a inda ake shawara. Ba sabon abu ba ne: 'yan wasan EVE Online suna zaɓen majalisar wakilansu tun 2008, a Old School RuneScape kuwa tun 2013 ana kaɗa ƙuri'a kafin a shigo da sabon abu, kuma sai ya samu rinjaye mai yawa, kashi 70 cikin 100 a yanzu. Ba mu ce ku kwaikwaye su ƙafa da ƙafa ba. Wakili ɗaya daga Afirka ta Yamma da za a tambaya kafin a sauya lokaci ko a yi shara, da ya hana mafi yawan abin da na lissafa a sama.

A taron da muka yi kafin rubuta wannan takarda, wasu sun nemi mu tattara mu koma wani wasan gaba ɗaya. Mafi rinjaye suka ce a fara yi muku magana. Abin da aka tsayar shi ne: za mu ci gaba da shiga, amma babu wanda zai sabunta tikiti ko ya sayi wani abu a shago har sai mun ji daga bakin mutum a cikinku kan asusun da aka rufe. Mun haɗa jerin sunayen jaruman da abin ya shafa, kowanne da bayanin wayar da yake amfani da ita da wanda suke haɗa ta da shi, yana nan tare da kwafin da muka tura muku. Duk wanda kuke son ganawa da shi ta bidiyo don ku tabbatar mutum ne, za mu kawo shi.

Muna sauraren amsarku. Allah Ya ba ku ikon yin adalci.

Naku,
Jagoran rundunar, a madadin 'yan wasan Katsina da Daura.